Daga Gara Zuwa Garanti

Da yatsa ɗaya yayana ya gano ba shi kaɗai ke zaune a gidansa ba. Ya dafa katakon ƙofar ɗakin baƙi zai cire takalmi, sai yatsan ya nutse kamar ya danna gurasa. Fenti na nan lafiya lau yana ƙyalli, amma abin da ke bayansa busasshiyar laka ce da 'yan ramuka. Da aka ɓamɓare sai ga su farare-farare suna rige-rigen ɓuya. Lokacin gidan bai cika shekara huɗu da tarewa ba.

Washegari aka kira mai feshi. Ya zo a babur da famfonsa na goyo da wata jarka marar rubutu, ya bi ɗaki-ɗaki, lungu-lungu, wari ya kori kowa daga gidan har kwana biyu. Da zai karɓi kuɗi ya ce, "Alhaji, ka kwantar da hankalinka, garantin shekara biyar na ba ka." Yayana ya ji daɗin maganar har ya ƙara masa na mai. Damina na zagayowa sai ga siririyar hanyar laka ta hau bayan wadirob, ta zarce cikin kwalin da takardun makarantar yara suke. Lambar mai feshi kuwa ba ta sake shiga ba.

Ban ɗauki mutumin ɗan damfara ba. Mai yiwuwa iyakar abin da ya koya ke nan. Abin da ya tsaya mini shi ne abu biyu yayana ya biya wa kuɗi ran nan, magani da alƙawari, kuma kowanne ya ci amanarsa ta hanyarsa daban. Mu nan mun fi damuwa da na farkon, muna tambayar wane magani ne ya fi ƙarfi. A ƙasashen da suka mayar da yaƙi da gara babbar sana'a, irin su Amurka da Ostireliya, rigimar da ke kai mutane kotu akasari a kan na biyun ne.

Garar da ka gani a ƙofarka 'yan aike ne kawai. Gidansu na ƙarƙashin ƙasa, wataƙila a bayan katangar maƙwabci, inda sarauniya ke kwance tana zuba dubban ƙwai kullum, kuma tana iya yin fiye da shekara goma a haka. Bahaushe ya san suri, ya san zago mai cizo, ya san shinge da ke taruwa a gindin fitila bayan ruwan farko har yara su cika kwano a soya. Abin da ba kowa ya lura da shi ba, shingen nan su ne sarakuna da sarauniyoyin gobe: suna zubar da fikafikai, su bi juna biyu-biyu, su nemi ƙasa mai laima su kafa sabon gari. Manyan garar ƙasarmu masu gina suri, waɗanda masana ke kira Makrotamis, manoma ne. Ba sa cin katako ya narke musu nan take. Suna kai shi gida, su tauna, su yi shimfiɗa da shi, wani nau'in naman kaza ya tsiro a kai ya ruɓar musu da shi, sannan su ci. A riƙe wannan, zai yi amfani can gaba.

Raunin gara ɗaya ne, jikinta ba ya jure bushewa. Shi ya sa take rufe hanyarta da laka, shi ya sa kuma famfon da ke ɗiga a bayan gida, da sokawe mai yoyo, da fulawar da ake ban ruwa a jikin bango suka fi kowane katako jawo ta. Kankare ba ta cin sa, amma tsagar milimita ɗaya ko biyu ta ishe ta wucewa, kuma inda bututu ya huda daɓe kusan kullum akwai irin wannan tsaga. Ɓarnarta ba sabuwa ba ce a wurinmu. Malamai na ba da labarin sandar Annabi Sulaimanu da wata 'yar dabbar ƙasa ta ci, da na takardar ƙauracewar da Ƙuraishawa suka rataye a Ka'aba, kuma duk almajirin da ya taɓa ajiye gafaka a ƙasa ya san ba tatsuniya ba ce.

Wanda ya gane haka zai gane abin da ya sa feshin ɗaki bai tsinana wa yayana komai ba. Fiya-fiya da Sniper, sinadarinsu mai saurin bin iska ne. Suna kashe abin da suka taɓa a ranar, bayan 'yan kwanaki sun baje. Ka kashe ɗari biyar, na ƙasa su toshe wannan hanyar su buɗe wata. Shi kuma mai gida ya shaƙi guba a banza. Warin magani ba shaida ba ne. Magungunan gara da suka fi inganci a yau kusan ba su da wari.

Aikin gaske a ƙasa ake yin sa. Manufar ita ce a jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashin gini da kewayensa da magani, ta yadda duk garar da za ta hau sai ta ratsa ta ciki. Tun ran gini ran zane: lokacin da ya fi sauƙi da araha shi ne bayan an gama ciko an daddale, kafin a shimfiɗa leda a zuba jaman fulo. Ma'aunin da aka saba rubutawa a jikin magungunan Amurka shi ne galan ɗaya na haɗaɗɗen magani a kan kowace ƙafa goma murabba'i, wato wajen lita huɗu a kan mita ɗaya murabba'i. A jikin fandisho kuma galan huɗu ne a kowace ƙafa goma, a kan kowace ƙafa ɗaya ta zurfi, wajen lita biyar ke nan a mita. Ɗauki gida mai mita 12 a 15. Faɗinsa mita 180 murabba'i, yana neman wajen lita 720, fiye da duro uku da rabi. Kewayensa mita 54, ƙarin lita 270 ke nan a ƙalla. Famfon goyo lita 16 zuwa 20 yake ɗauka. Duk wanda ya zo maka da goyo biyu ya ce ya yi wa fegi magani, yayyafi ya yi. Ban san wani gwaji da ya fi wannan lissafin saurin bambanta mai aiki da mai wasa ba, kuma ba ya buƙatar mai gida ya san kimiyya, ƙirga duro kawai.

Idan an riga an gina, aikin ya ƙara wuya. Sai a haƙa siririn rami a zagaye gidan a jikin bango, a zuba magani, a mayar da ƙasa ana jiƙa ta. Inda aka yi daɓe ko intalok sai an huda ramuka kusa-kusa an tura maganin da matsi, wani lokaci har cikin ɗaki, a gefen tayil da gindin bututun banɗaki. Masu gida ba sa son jin maganar huda tayil. Masu feshi sun san haka, sai su tsallake wurin, alhali nan ne ƙofar.

Magungunan kansu iri biyu ne. Akwai masu kora, dangin bifentirin, waɗanda gara ke jin su ta kauce. Suna aiki matuƙar babu giɓi, in kuwa akwai sai ta lalubo shi. Akwai waɗanda ba ta jin su sam, irin imidakilofirid da aka sayar da sunan Premise, da fifronil na Termidor da ya shiga kasuwar Amurka a 2000. Waɗannan ba sa kisa nan take. Gara na ratsawa ta kwasa a jiki, ta koma ta shafa wa 'yan uwanta wajen lasar juna. Tsofaffin magina kan yi kewar maganin da, su ce sau ɗaya ake zubawa a manta. Gaskiyarsu ce, kilodan da aldirin da dayaldirin suna shekara talatin a ƙasa. Amma daɗewar nan ita ce laifinsu, don suna taruwa a kitsen mutum da nonon uwa. Amurka ta haramta kilodan gaba ɗaya a 1988, Ostireliya ta daina amfani da danginsa a 1995, yarjejeniyar Sitokhom ta 2001 kuma ta sa su cikin guba goma sha biyun farko da duniya ta amince a kawar. Na yanzu, abin da hukumar kare muhalli ta Amurka ke nema kafin ta yi wa maganin ƙasa rajista shi ne ya nuna yana aiki shekara biyar a gwaji. Daga nan "shekara biyar" ta samo asali, ta biyo jirgi har ta faɗo bakin mai feshin yayana, ba tare da yawan litar da ke bayanta ba.

Hanya ta biyu tarko ne. A binne 'yan gwangwanaye a kewayen gida, kamar taku uku-uku ko huɗu, da abinci a ciki wanda aka sa wa sinadarin da ke hana gara saɓa. Ƙwaron da ya kasa saɓa mutuwa yake, kuma da yake ma'aikata ke ciyar da kowa, a hankali gari ya mutu. Sentricon ne ya fara shahara, an fitar da shi a 1995 bisa binciken Nan-Yao Su na Jami'ar Fulorida, kuma ya yi tasiri ƙwarai a kan garar can. To ga inda maganar noman naman kaza ta dawo. Garar Amurka ma'aikatanta na ta saɓa tsawon rayuwa, kuma abin da suka ci kai tsaye suke rabawa. Tamu mai noma, manyan ma'aikatanta sun gama saɓa, abincin kuma sai ya bi ta gona tukuna. Don haka irin wannan tarko bai cika yi mata abin da yake yi wa waccan ba. Wanda aka kawo wa tarko daga waje da tsada ana ce masa sabon yayi ne, ya fara tambayar wace gara aka gwada shi a kai.

Akwai kuma shingen da ba magani a ciki: ragar ƙarfe marar tsatsa ta Termimesh da aka ƙirƙira a yammacin Ostireliya, da tsakuwa mai wani girma na musamman wadda gara ba ta iya ɗagawa ba ta kuma iya kutsawa, irin wadda aka yi a Hawai daga dutsen aman wuta. Rufe gida da tanti a cika shi da iskar guba, wanda ake gani a finafinai, na wata gara ce dabam mai zama cikin busasshen katako ba ruwanta da ƙasa. Ba ya taɓa wadda ke ƙarƙashin daɓe, ba ya kuma barin kariya bayan an yaye tantin.

Kakanninmu ta wajen icen suka ɓullo wa abin. Azarar giginya da aka yi ɗaurin guga da ita a tsofaffin soraye tana shekaru aru-aru, ƙirya da maɗaci ma ba sa ba ta fuska da sauƙi. Mu kuma muka koma farin katako mai laushi, obece da irinsa, kafinta ya shafa masa baƙin mai da gas, ko ya tsoma buroshi a Solignum da aka tsinka har ya zama ruwan shayi, ya buga a rufi. Shafe a sama yake tsayawa. Duk inda zarto ya yanka bayan an shafa, ɗanyen katako ne a buɗe. Haƙe suri a ciro sarauniya yana da amfani idan surin na kusa, sai dai akwai ƙananan nau'o'in gara da ba sa gina suri ko kaɗan, gidajensu a warwatse suke a ƙarƙashin ƙasa.

Duk waɗannan hanyoyi babu wadda ba ta da ranar gazawa. Magani na raguwa, ruwa na wanke shi, mai gyaran famfo na haƙa ya yanke shingen bai sani ba. Nan garanti ya shigo, kuma nan ne ya kamata a natsu.

A Amurka inshorar gida ba ta biyan ɓarnar gara, don tana ɗaukar ta a matsayin sakacin kula, ba hatsari ba, ga shi ƙungiyar masu sana'ar ta can ta taɓa ƙiyasta ɓarnar da wajen dala biliyan biyar a shekara. Saboda haka mai gida ya dogara ne da yarjejeniyarsa da kamfanin feshi. Iri biyu ce, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta kai ta kuɗin magani da kuɗin rufin gida. Ta farko ta ce in gara ta dawo za su sake yin magani kyauta, shi ke nan. Katakon da ta ci naka ne. Ta biyu ta ƙara da gyaran ɓarnar, har zuwa wani adadin kuɗi da aka rubuta. Dukansu ana sabunta su ne duk shekara da kuɗi, kuma kamfanin zai turo mai dubawa. Ka tsallake shekara ɗaya, yarjejeniya ta faɗi.

Daɗin bakin yana shafin farko, ainihin maganar tana cikin ƙananan rubutu. Ɓarnar da ta riga yarjejeniya ba ta ciki, shi ya sa kamfani ke zana taswirar gidan ranar farko ya nuna inda ya tarar da ci. Da yawa ba sa biyan gyara sai an ga gara mai rai a wurin, don haka wanda ya yi gaggawar fesa maganin sauro ya share wurin kafin su zo ya goge shaidarsa da hannunsa. Ƙara ɗaki, ko tara ƙasa a jikin bango, ko barin yoyo bayan an gargaɗe ka, kowanne na iya rushe ta. Wasu sun cire garar busasshen katako, wasu sun cire garar Famosa, wadda ita ce mafi ɓarna a jihohin kudu. Ta shiga can ne ta jiragen ruwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta addabi tsohuwar unguwar Faransawa ta Niyu Olins har sai da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shiri na musamman a kanta a 1998. Sai batun ko yarjejeniyar na bin gida idan an sayar, abin da ke ƙara wa gida daraja. Sai kuma sharaɗin da ke hana ka zuwa kotu, ya tura ka gaban mai sasantawa.

Girman kamfani ma ba ya wanke shi. A Nuwamba 2020 Terminix, ɗaya daga manyan kamfanonin sana'ar, ya amince da sulhun dala miliyan 60 da jihar Alabama. Babban lauyan jihar, Steve Marshall, ya zarge shi da karɓar kuɗin sabuntawa a yankin Mobil ba tare da yin aikin da aka yi alƙawari ba, sannan da garar Famosa ta fara jawo masa asara sai ya lafta wa mutane ƙarin kuɗi mai yawa don su janye da kansu. Darasin da na ɗauka ba wai takarda banza ce ba. Takardar ce ta ba wa jihar abin kamawa. Yayana ko sunan mai feshinsa na gaskiya bai sani ba.

Wasu wuraren sun sa doka a gaba. A Fulorida dole ne a yi wa sabon gini kariyar gara, da garantin shekara ɗaya wanda mai gida ke da damar sabuntawa har ƙarin shekara huɗu. Abin da ya fi burge ni na Ostireliya ne, don ba ya cin ko sisi: dokar gini ta ce a manna sanarwa mai ɗorewa a jikin gidan, galibi cikin akwatin mita, mai nuna irin kariyar da aka yi, da ranar, da tsawon ran maganin, da lokacin da ya kamata a riƙa dubawa. Gida ya canja hannu sau uku, bayanin na nan. Suna kuma barin gefen daɓe a buɗe kamar milimita 75 sama da ƙasa, don in gara za ta hau, dole ta gina hanyarta a inda ido zai gani. Mu kuwa mukan tara ƙasa da intalok har su haura di-fi-si, layin da ke hana laima hawa bango, mu rufe wa kanmu ido.

Me za a iya ɗaukowa a kawo Kano ko Maraɗi? A ganina ba garantin gyara ba. Mutumin da jarinsa babur ne da famfo ba zai iya sake maka rufi ba, ko ya rantse da me. Wanda ya yi maka wannan alƙawari da sauƙi, alama ce bai yi niyyar cikawa ba. Abin da zai yiwu shi ne garantin sake magani, haɗe da ziyarar dubawa da aka sa wa rana, ɗaya bayan ruwa ya sauka, ɗaya bayan ya ɗauke. A rubuta sunan maganin da lambar NAFDAC da ke jikinsa, da yawan litar da aka zuba, da zanen inda aka haƙa da inda aka huda, da kwana nawa zai ɗauka ya zo in an kira shi. A buɗe robar a gabanka, a haɗa a gabanka, kada a karɓi jarka marar rubutu. A Najeriya majalisar kula da lafiyar muhalli, mai kula da aikin waɗanda muka fi sani da duba-gari, ita ke ba kamfanonin feshi lasisi, kuma neman ganinsa ba rashin kunya ba ne. In akwai rijiya a gidan a faɗa tun farko, don ba a zuba irin wannan magani kusa da ita, fifronil kuma guba ne ga kifi da ƙudan zuma.

Sai kuɗi. 'Yan kwangila sun daɗe da sanin cewa ana riƙe wani kaso na kuɗin gini sai an ga yadda aiki ya kwana. Babu abin da ya hana a yi wa mai feshi haka, a bar wani abu a hannu sai bayan damina. A ƙasar da zuwa kotu kan kuɗin feshi ya fi feshin tsada, ragowar kuɗin nan ita ce ke sa waya ta shiga. Mai gina sabon gida ya sa maganar gara cikin yarjejeniyarsa da ɗan kwangila, ya kuma je da kansa ranar zubawa. Mai sayen tsohon gida ya shiga da tocila da sukundireba, ya ƙwanƙwasa katakon ƙofofi, ya leƙa cikin silin, ya yi shakkar sabon fenti a wuri ɗaya tak. Mai haya da mai gida su ma gara su yanke wa zai biya tun gara ba ta yanke musu ba.

Yayana ya sake kiran wani, wannan karon mai ofis. Mutumin ya fi awa ɗaya yana zagaye bai taɓa famfo ba, sannan ya tsaya a ƙofar banɗakin da ke manne da ɗakin baƙi ya ce, "Alhaji, sai dai ka yi haƙuri, tayil ɗin nan zai tashi." Aka ɗaga layi biyu. A ƙarƙashi aka sami gwiwar bututu tana ɗiga, ƙasar wurin jagab, ga guntayen katakon da aka yi zubin kankare da su leburori sun tura cikin ciko maimakon su kwashe, ga kuma kututturen mangwaron da aka sare lokacin share fegi, ya zama kamar soso. An zuba duro huɗu da ɗoriya. Takardar garantin tana cikin leda, an manna ta a bangon da mita take, da kwanan wata biyu da jan biro. Rubu'in kuɗin yana wurin yayana har watan Oktoba.